Toka da Rijiya: Wa Ke Ɗauke da Alhakin Cutar da Ido Bai Gani Ba?

A tsakar gidanmu da ke Ƙofar Ran, cikin birnin Bauci, akwai wata tsohuwar rijiya wadda kakan mahaifina ya haƙa. Mun taso mun tarar da ita tana shayar da gida huɗu ko biyar, domin a wancan zamani ba a rufe ƙofa a kan ruwa. Wata damina, ina ɗan shekara tara ko goma, sai aka wayi gari ruwanta ya soma gafi, bayan kwana biyu kuma ya koma wari sosai. Ba a sha wahalar gano dalili ba. Wani maƙwabcinmu ne ya haƙa sabuwar shadda a jikin katangar da ta raba mu, taku goma daga bakin rijiyar. Aka kai magana gaban mai unguwa. Cewa maƙwabcin ya yi, "Ranka ya daɗe, a cikin gidana na haƙa, ban tsallaka iyakar kowa ba." Mai unguwa ya dube shi ya ce, "Malam, kai ne ka san iyaka, ruwa bai san ta ba." Aka sa ya cike ramin, ya koma can ƙuryar gidansa ya haƙa wani, mu kuma aka yashe rijiya sau biyu, aka bar ta ta huta har kaka.

Na daɗe ina juya wannan 'yar shari'a a zuciyata, kuma sai da na girma na gane abin da ya sa ta zo da sauƙi. Mai laifin yana raye, yana bayan katanga, ana haɗuwa da shi a masallaci. Cutar ba ta ɗauki lokaci ba, cikin mako guda ta bayyana. Sa'an nan ga shaidan da ba a saye da kuɗi, wato hanci. To, yaya shari'ar za ta kasance in aka cire waɗannan duka? Mu ƙaddara wanda ya haƙa ramin kamfani ne. Abin da aka zuba a ciki ba ya wari, ba ya sauya launin ruwa. Kuma ba zai isa rijiyar kowa ba sai bayan shekara 30, lokacin da waɗanda suka sa hannu a takarda sun yi ritaya ko sun riga mu gidan gaskiya. Shin akwai sauran mai laifi? In akwai, wane ne shi, kuma gaban wane mai unguwa za a kai shi? Wannan ita ce tambayar da nake son mu yi nazari a kanta, kuma zan ɗauki tokar kwal in yi misali da ita, domin da wuya a sami abin da ya tara waɗannan siffofi kamarta.

Bahaushe ba baƙon toka ba ne. Marinan Ƙofar Mata a Kano da ita suke haɗa ruwan baba, majema da ita suke tuge gashin fata, masu sabulun salo kuwa ita ce jarinsu. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda kakata, Allah ya jiƙanta, take tace tokar miya. Sai ta ƙona karan dawa, ta kwashe tokar ta zuba a wani tsohon kasko mai huji wanda ta shimfiɗa wa 'yar ciyawa a gindi, ta ɗora shi a kan ƙwarya, ta kwarara ruwa a kai, ta tafi ta kwanta. Da safe sai a tarar ya gama tsiyaya. Abin da ta zuba a sama ruwan rijiya ne garau. Abin da ya taru a ƙwarya kuwa wani abu ne dabam, jaja-jaja, mai kaifi a harshe, wanda ɗan kaɗan nasa ya isa ya kashe tsamin tukunyar yakuwa. Tsohuwar nan ba ta taɓa shiga aji ba, amma ta san cewa in ruwa ya ratsa toka ba ya fitowa hannu rabbana, sai ya kwaso abin da ke cikinta. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan kasko a ransa, domin duk kimiyyar da ke cikin maganarmu ba ta wuce shi ba.

Kwal kuwa ba gawayin itace ba ne irin wanda ake sayarwa a buhu. Tsirrai ne na zamanin da, waɗanda suka kwanta a binne shekaru miliyoyi har suka zama dutse, kuma a tsawon wannan kwanciya sun haɗiye ma'adinai iri-iri: arsenik, da dalma, da zaiba, da seleniyam, da boron, da sauransu. In aka ƙona shi a tashar lantarki domin a tafasa ruwa, tururi ya juya inji, sai abin da zai ci wuta ya ci ya tafi, da yawa daga ma'adinan nan kuwa su zauna a toka, a tattare fiye da yadda suke a da. Kwal mai kyau yakan bar tokar da ta kai kimanin kashi 1 cikin 10 na nauyinsa; maras kyau, irin wanda ya yi yawa a Indiya, yakan bar kashi 1 cikin 3 ko fiye. Hanyar da ta fi araha, wadda kuma aka fi bi a ƙarnin da ya wuce, ita ce a dama tokar da ruwa, a tura ta ta bututu zuwa wani makeken tafki a gefen tasha, galibi ba tare da an daɓe gindinsa da komai ba. Wato dai kaskon kakata ne aka faɗaɗa ya zama eka 100. Bambancin kawai, ita ta tara ƙwarya a ƙasa. Su kuwa ƙwaryarsu ita ce ruwan da ke kwance cikin ƙasa, wanda rijiyoyin jama'a ke sha daga gare shi.

A Amurka, inda aka fi bin diddigin wannan al'amari, an ga masifar ta fuska biyu. Ranar 22 ga Disamba, 2008, bangon tafkin toka na tashar Kingston a jihar Tenesi ya ɓalle cikin dare, laka fiye da galan biliyan 1 ta malale kimanin eka 300, ta rushe gidaje, ta shiga kogi. Daga baya gommai cikin leburorin da suka yi aikin kwashe ta suka mutu da cututtukan da iyalansu suka danganta da tokar. A Fabrairun 2014 kuma bututu ya fashe ƙarƙashin wani tafki na kamfanin Duke Energy a Karolina ta Arewa, tan 39,000 na toka ya kwarara cikin kogin Dan. Waɗannan an gan su, an ɗauki hoto, an je kotu. Sai a 2015 gwamnatin tarayyar ƙasar ta fitar da ƙa'idarta ta farko a kan zubar da tokar kwal, wadda ta tilasta wa tashoshi su haƙa rijiyoyin gwaji a kewayen tafkunansu, su kuma bayyana sakamakon ga jama'a. Da wasu ƙungiyoyi biyu masu kare muhalli suka tattara alƙaluman a 2019, sai aka tarar cikin tashoshi 265, kashi 91 cikin 100 sun gurɓata ruwan ƙarƙashinsu fiye da abin da lafiya za ta ɗauka. Abin lura a nan, ba ranar da aka auna ne gurɓatar ta soma ba. Ta shekara da shekaru tana tafiya a hankali ba wanda ya ji motsinta. Tafkin da ya fashe shi ya yi suna, amma masu tsiyaya a ɓoye su suka fi yawa, kuma a kansu nake magana.

Wataƙila wani ɗalibi ya ce, "Malam, mu ina ruwanmu da Tenesi? Mu da ko wutar ba mu gani ba, balle tokarta." Gaskiyarsa, babu tashar kwal a Bauci. Amma kwal bai yi mana nisan da muke zato ba. A Maiganga, cikin ƙaramar hukumar Akko ta jihar Gombe, ƙasar da take cikin jihar Bauci har zuwa 1996, tun 2007 aka soma haƙar kwal ana kai wa masana'antar siminti ta Ashaka. An tashi mutanen ƙauyen daga mazauninsu na asali, kuma sun sha kai kuka, har da zanga-zanga, a kan ruwan shansu da gonakinsu. A can ramin haƙar ne da ruwan da ke fita daga cikinsa abin kuka, domin tanderun siminti yakan haɗiye toka cikin simintin kansa. Sai dai tambayar ɗaya ce. A Jamhuriyar Nijar kuwa akwai tashar kwal ta sosai. Kamfanin SONICHAR, da aka kafa a 1975, a 1981 ya soma ƙona kwal a Anu-Araren, kusa da Cirozerin, arewa da Agadas. An gina tashar ne musamman domin ta ba mahaƙan yuraniyam na Arlit wuta, yuraniyam ɗin kuma a kai shi Faransa ya haskaka biranenta. Kowane tan da aka ƙona a tsawon fiye da shekara 40 ya bar rabonsa na toka, a yankin da rayuwar makiyayi da mai lambu ta rataya a kan rijiya, inda kuma ruwa mai zurfi ya taru ne tun dubban shekaru, in ya ɓaci babu daminar da za ta wanke shi. An daɗe ana maganar gina wata babbar tashar a Salkadamna ta jihar Tawa, a Nijeriya ma duk sa'ad da wuta ta yi wuya sai an tuno da kwal ɗin Inugu da Kogi da Gombe. Gara ke nan mu yi tambayar tun ba a haƙa tafkin ba, tun da ba a fafe gora ranar tafiya.

Mun ma riga mun ɗanɗana 'yar'uwar wannan cuta. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara na mutuwa ba ƙaƙƙautawa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, irin su Dareta da Yargalma. Da aka bincika sai aka gano dalma ce, daga duwatsun zinariya da ake dakawa ana niƙawa a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu, kuma sai a 2013 aka kai ga kwashe gurɓatacciyar ƙasar Bagega. Wanda ya kawo dutsen gida uba ne, wadda ta daka shi a turmi uwa ce, kuma abin da za su ciyar da yaran nan suke nema. Ba na tsammanin akwai mai imanin da zai kira su masu kisa. Amma yaran sun mutu.

Abin da ya haɗa dalmar Zamfara da tokar kwal shi ne, dukkansu sun fi ƙarfin shaidun da muka gada. Duk wanda ya yi karatun zaure, tun daga Ahalari da Ishmawi har Risala, ya san da me ake gane ruwan da ya halatta a yi tsarki da shi: a duba launinsa, da ɗanɗanonsa, da ƙanshinsa. Malaman nan maganar ibada suke yi, kuma hukuncinsu na nan daram a muhallinsa. Sai dai mu jama'a mun ɗauki ma'aunin mun kai shi randar sha, har ya zama in ruwa ya yi garau, ba gafi ba wari, to mun sallama masa. Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza, kuma gaskiya ne. Abin da karin maganar bai faɗa ba shi ne, ruwa na iya kisa bai yi tsami ba. Arsenik a cikin ruwa ba shi da launi, ba ɗanɗano, ba wari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada ya wuce maikrogiram 10 a lita, wato giram 1 tak a jarka 5,000 masu cin lita 20. Wanda ke shan abin da ya haura haka ba zai faɗi yau ba, ba gobe ba. Sai bayan shekaru fata ta soma tabo, tafin hannu ya yi kanta, daga bisani a ce ciwon daji ne na fata ko na mafitsara ko na huhu. A lokacin wa zai tuna da tafkin da aka rufe aka shuka ciyawa a kai? Sai a ce sammu ne, a je a zargi kishiya.

A nan ne ni, da nake koyar da adabi, nake ganin gazawarmu. Labarin asalinmu kansa a bakin rijiya ya soma: maciji a Kusugu ta Daura ya hana mutane ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, baƙo ya zo cikin dare ya sare masa kai. Tun daga nan har zuwa tatsuniyoyin dodo da gajerun labaran da ɗalibanmu ke kawo wa wannan mujalla, mugunmu kullum yana da fuska: azzalumin sarki, ko boka, ko kishiyar uwa, ko attajiri mai ƙaton ciki. Mun iya ƙin mugu mai kai, domin akwai inda za a sara. Har yau ba mu koyi ba da labarin muguntar da aka raba tsakanin ofisoshi goma ba, inda kowa ya sa hannu a shafinsa ya tashi ya tafi sallar azahar da zuciya ɗaya. Ga fili nan ga mai alƙalamin da ke neman abin rubutawa.

To, mu koma kan tambaya. Hujjar farko da mai tafki zai kawo ita ce ta maƙwabcinmu: a filina na zuba, da izinin hukuma, ban nufi kowa da sharri ba. Zancen fili dai mai unguwarmu ya riga ya gama da shi. Zancen niyya kuwa kada mu raina shi, domin a kansa aka gina bambanci tsakanin kuskure da ganganci. Amma malamanmu na fiƙihu ba su ce kyakkyawar niyya tana ɗauke biyan ɓarna ba. Wanda ya yi kisa bisa kuskure ba a kashe shi, amma akwai diyya. Wanda ya haƙa rami a kan hanyar jama'a, dabbar wani ta faɗa, zai biya, ko da lokacin da ta faɗa yana barci a gidansa. Daɗin daɗawa, akwai wani matsayi tsakanin nufi da rashin sani, wanda a ganina shi ne mazaunin mafi yawan zaluncin wannan zamani, wato mutum ya ƙi neman sanin abin da ya tabbata in ya nema zai samu. Iyayen Dareta ba su san akwai dalma a dutsen ba, ba su kuma da hanyar sani. Injiniyan da ya zana tafki ba daɓe fa? Abin da kakata ta sani ba za a ce ya ɓoyu ga mai digiri ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kamfanin da ya ƙi haƙa rijiyar gwaji don kada sakamako ya tilasta masa kashe kuɗi, jahilcinsa da gangan ya saye shi, kuma ba na jin irin wannan jahilci uzuri ne.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, kuma ni kaina tana taɓa ni. Ana cewa: ku masu rubutu kuna zaune kuna ƙyamar toka, alhali duhu ma kisa yake yi. Haka ne. Ƙasa mai mutane fiye da miliyan 200, wutar da ake raba mata da ƙyar take haura megawat 5,000. Wanda ya taɓa tsayawa a asibiti ana haska wa likita da fitilar waya, ko ya ga tela da mai walda sun wuni sun yi tagumi, ba zai yi saurin tsine wa duk abin da zai kawo wuta ba. Turawan da ke yi mana wa'azi yau kuma, da kwal suka gina arzikinsu. Ban ga laifin wanda ya ji haushin wannan wa'azi ba.

Amma in aka duba da kyau, hujjar nan wata tambayar ta amsa. Ta nuna muna bukatar wuta. Ba ta nuna cewa tilas ɗan ƙauyen da ke gefen tasha ne zai biya kuɗinta da lafiyar 'ya'yansa ba. Toka ba ƙaddara ba ce irin ta fari ko fara. An san yadda ake ajiye ta a bushe, a rami mai daɓen yumɓu da shimfiɗar roba mai kauri, nesa da inda ruwan ƙasa yake. An san ana zuba ta cikin kankare da bulo. An san yadda ake kewaye wurin da rijiyoyin gwaji. Duk waɗannan kuɗi suke ci. In aka ƙi yin su, kuɗin bai ɓace ba, an dai goge shi ne daga littafin kamfani an rubuta shi a kan wanda ba ya wurin, wanda ba a shawarce shi ba, kuma galibi wanda wayar lantarkin ke wucewa ta saman bukkarsa ba ta sauka. Da a ce za a zauna da shi a ce, "Za mu ba birni haske, kai kuma rijiyarka za ta mutu bayan shekara 20, ga abin da za mu ba ka," da sai mu kira shi ciniki, ko da mummuna ne. In kuwa mutum ya ɗauki abin wani mai shi bai sani ba, Hausa tana da suna ga wannan aiki, kuma kowa ya san sunan.

Saura zancen lokaci, wanda shi ya fi ba ni wuya. Malaman Malikiyya sun yi dogon bayani a kan cutar maƙwabtaka. Ibn Rami, wani magini na Tunis a ƙarni na 14 wanda alƙalai kan aika ya dubo musu rigingimun gine-gine, ya tara littafi guda a kan irin su hayaƙin tanderu, da warin majema, da shadda a jikin bangon wani. Cikin abin da malaman suka tattauna akwai cewa, in mutum ya ga ana cutar da shi ya yi shiru shekaru masu yawa ba uzuri, yana iya rasa bakin ƙara. Amma wasunsu suka ware cutar da ke ƙaruwa da tafiyar zamani, irin ta shadda da majema, suka ce ita daɗewa ba ta halatta ta, domin abin da mutum ya yi shiru a kai bara ba shi yake fuskanta bana ba. Ina ganin hikimar da ke cikin wannan rarrabewa ta isa a ɗora ta a kan tafkin toka. Shirun mutanen ƙauye ba yarda ba ne, tun da ba su ga abin da za su yi magana a kai ba. Wanda za a haifa bayan shekara 30 kuwa, ko shirun bai samu ya yi ba. Ana iya cewa wanda babu shi ba shi da haƙƙi, kuma masu falsafa sun yi ta kai-kawo a kan wannan. Ni dai na kasa ganin bambanci tsakanin wanda ya harba kibiya ta sami mutum nan take, da wanda ya ɗana tarko a hanya ya tafi, tarkon ya kama wanda ba a haifa ba ranar da aka ɗana shi. Kakan mahaifina bai san ni ba, amma na sha ruwan rijiyarsa, kuma har yau muna yi masa addu'a saboda ita. In alheri na iya ratsa zuriya uku ya iske mai shi a kabari, ban ga abin da zai hana alhaki bin wannan hanya ba.

Wa zai ɗauka ke nan? In aka ce kowa, to an ce ba kowa. A ra'ayina alhaki yana bin iko da sani: wanda ya fi ikon hanawa, ya kuma fi kusa da sanin abin da ke cikin ramin, shi ya fi kaso mai tsoka. Kamfani ne a gaba, sai hukumar da ta ba shi izini ta karɓi harajinsa. Takardu ba su yi mana ƙaranci ba. Tun bayan da aka jibge gubar Italiya a Koko a 1988 muke kafa dokoki: ga ta tantance illar manyan ayyuka ga muhalli ta 1992, ga hukumar NESREA ta 2007. Inda gizo ke saƙar shi ne wurin shaida. Mun saba mai ƙara ke kawo ta. To manomi zai kai ruwansa ɗakin gwaji da kuɗin wa? Wa ya auna rijiyarsa kafin a zo, balle a tabbatar ta sauya? Wanda ya kawo baƙon abu ya binne, shi ya kamata ya auna tun kafin ya sari ƙasa, ya ci gaba da aunawa, a kuma karanta sakamakon a ƙofar mai gari da harshen da mutanen ke ji.

Na so in tsaya a nan, in bar laifi a wuyan kamfani da gwamnati, in wanke hannuna. Amma ɗan ginin da nake lallaɓawa shekara shida ke nan, da siminti nake yin sa, ban kuwa taɓa tambayar da wane kwal aka gasa shi ba. Bayan haka, Bauci a kan dutse take zaune. Ruwan rijiyoyinmu yana maƙale ne a ɗan ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da kuma cikin tsagogi, ba shi da wani kauri na ƙasa da zai kāre shi daga abin da aka zubar a kai. Ruwan dam ɗin Gubi ba ya isa kowace unguwa a kowace rana, saboda haka kowa ya sami hali sai ya kira masu burtsatse. Kududdufan da kakanninmu suka haƙa suka ɗebi ƙasar ganuwa da ta gidaje tun zamanin Malam Yakubu, mu ne muka cika su da shara: matattun batura, baƙin man gareji, gwangwanayen maganin feshi, ragowar magungunan da suka lalace. In sun cika a zuba jar ƙasa a kai, a yanka filoti. A nan babu kamfani, babu injiniya, babu Bature.

Bara da rani na bi ta wani wuri da na sani tun ina yaro. Kududdufi ne a da, inda muke kamun tarwaɗa da damina, daga baya ya zama juji. Na tarar an jera shaguna a kai, a tsakiya an haƙa burtsatse, 'yan ga-ruwa sun yi layi da kurarsu. Na tsaya na tambayi yaron da ke karɓar kuɗi ko an taɓa kai ruwan nan gwaji. Ya dube ni da mamaki, ya tara kofi ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce, "Baba, sha ka ji, ko fiya wata bai kai shi daɗi ba." Ruwan garau yake, ga sanyi. A lokacin rijiyar gidanmu ta ƙafe tun watan Maris, famfo kuma ya kwana tara bai zo ba. Na ce a kai mini jarka shida gida.